Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gabatar da Jawabi a Gaban Taro, da Yadda Ake Gyara Su

Mai karanta takarda yana da gatan da mai sauraro ba shi da shi. In jimla ta shige masa duhu sai ya koma baya ya sake bin ta, in ya gaji ya ajiye ya sha ruwa ya dawo. Wanda ke zaune a zauren taro kuwa, abin da ya wuce shi ya wuce. Ba zai ɗaga hannu ya ce a maimaita ba, shiru zai yi, can an jima ka ga ya zaro waya. Kusan duk kurakuran da ake tafkawa wajen gabatar da jawabi daga nan suke tasowa: mutum ya shirya abinsa kamar karantawa za a yi, alhali saurara za a yi. Ɗalibin ajin ƙarshe ranar difens, wato ranar kare kundin bincikensa gaban malamai, jami'ar lafiya da ke kai rahoton rigakafi gaban shugaban ƙaramar hukuma, matashin da ke neman jari wajen masu hannu da shuni, malamin jami'a a taron ƙara wa juna sani, duk ciwon ɗaya ne, alamominsa ne suka bambanta.

Cinye lokaci tun kafin a fara

Mu ba ma shiga magana ba gaisuwa, kuma ba ni ne zan ce a daina ba. Amma an ba ka minti goma sha biyar, ka kashe biyar kana jero sarautu da muƙamai ɗaya bayan ɗaya, waɗanda mutum uku da suka gabace ka sun riga sun jero, wannan ba ladabi ba ne, ɓarnar lokacin jama'a ce. Ga wani haɗarin kuma: duk wanda ya fara lissafa manya da sunayensu, ya tsallake ɗaya, ya sayi rigima da kuɗinsa. Ka yi sallama, ka gaida shugaban taro da babban baƙo da cikakken muƙaminsu, sannan ka ce kana tsayawa a kan gaisuwar da aka riga aka gabatar ga sauran manyan baƙi. Ba wanda zai zarge ka. Inda doguwar gaisuwa ta zama dole shi ne in kai ne mai magana na farko, ko kuma akwai sarki a wurin. A nan ma rubuta ta za ka yi, ka tabbatar da kowane muƙami wajen masu shirya taro kafin a kira ka.

Bayan gaisuwa sai neman afuwa. "Ni dai ba wani masani ba ne." "Jiya da daddare aka sanar da ni." "A yi haƙuri ban samu na shirya sosai ba." Mai faɗin haka yana ganin tawali'u ya yi, amma abin da na kujerar baya ya ji shi ne: kada ka wahalar da kunnenka. In da gaske ba ka shirya ba, za su gane da kansu. In ka shirya, don me za ka karya farashin kayanka tun ba a taya ba?

Jimlarka ta farko bayan gaisuwa ta zama ita ce maganar da ta kawo ka. Maimakon "Taken maƙalata shi ne nazari a kan matsalolin ruwan sha a karkara," ka ce: "Na zo ne in nuna muku dalilin da ya sa rijiyoyin burtsatse da muke haƙawa suke mutuwa da wuri, da abin da gyaransu zai ci." Na farkon suna ne kawai. Na biyun ya ɗaura wa mai sauraro tambaya, zai zauna ya ji amsarta.

Son a faɗi komai

Wannan ya fi kama ɗalibai da masu bincike. Mutum ya shekara yana aiki, yana jin kowane shafi ɗansa ne, ba ya iya yar da ko ɗaya. Sai ya faro daga ma'anar kalmomi, ya gangaro tarihin matsalar, ya bi ra'ayoyin masana ɗaya bayan ɗaya. Yana tsakiyar babi na biyu a miƙo masa 'yar takarda: saura minti biyu. Nan take ya shiga danna shafuka a guje, sakamakon binciken, wanda shi kaɗai ne abin da malaman da ke zaune ba su sani ba, ya wuce ba wanda ya gan shi da kyau.

Gyaran yana farawa ne kafin a buɗe kwamfuta. Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya tak: in mutanen nan sun fita sun manta komai, me nake so ya rage a kansu? In ba ka iya rubuta ta ba, ba ka shirya ba tukuna, ko da shafukanka sun kai hamsin. In ka rubuta, duk abin da ba ya tallafa mata ka fitar da shi, ko ka mai da shi can ƙarshe don lokacin tambayoyi. Sannan ka raba lokaci daga baya zuwa gaba: fara ware wa sakamako da shawarwari kasonsu, wanda ya kamata ya fi rabi, abin da ya rage shi ne na shimfiɗa.

Kada ka ce batunka ya fi ƙarfin taƙaitawa. Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta fara wata gasa a 2008 inda ɗaliban digiri na uku ke bayanin bincikensu cikin minti uku, da shafin majigi ɗaya da ba ya motsi, kuma gasar ta bazu zuwa jami'o'i da yawa a duniya. A tarukan gabatar da jawabai na TED, ƙa'idar ita ce kada mai magana ya wuce minti 18. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Muslim ya ruwaito daga Ammar ɗan Yasir cewa Annabi (SAW) ya ce tsawaita sallar mutum da gajarta huɗubarsa alama ce ta fahimtarsa. Taƙaitawa ta fi tsawaitawa wuya, shi ya sa ake gudunta.

Majigi

A nan zan daɗe, don a nan ɓarnar ta fi yawa. PowerPoint, manhajar shirya shafukan majigi, ta fito ne a 1987, kamfanin Microsoft ya saye ta a shekarar, kuma tun daga lokacin mutane ke amfani da ita wajen abin da ba don shi aka yi ta ba, wato ajiye rubutun jawabi. Mutum ya kwafo sakin layi guda daga kundinsa ya liƙa, ya juya wa jama'a ƙeya yana karanto musu abin da suke gani. Ido ya fi baki sauri. Kafin ka kai layi na biyu sun gama shafin, sun zauna suna jiran ka. Waɗanda suka yi ƙoƙarin karatu da sauraro lokaci guda kuma sun rasa duka biyun, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya bin zaren kalmomi biyu tare. Masana ilimin koyo irin su John Sweller na Ostareliya sun daɗe suna nuna cewa maimaita rubutu da baki kalma da kalma nauyi yake ƙara wa mai koyo, ba sauƙi ba.

Abin da ya dace da allo shi ne abin da baki ba ya iya yi: hoto, taswira, zanen ƙididdiga, lamba ɗaya babba. Bayanin kuma naka ne. Kowane shafi magana ɗaya, kuma kan shafin ya faɗi maganar, ba sunanta ba. "Sakamako" ba kai ba ne. "Yaran da suka kammala rigakafi sun ragu a damina" shi ne kai, domin ko wanda hankalinsa ya tafi ya dawo, da ya ɗaga ido ya san inda ake.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da kumbon Columbia na Amurka. Ranar 16 ga Janairu 2003, wajen tashi, wani ɓallin soso ya ɓalle daga tankin mai ya bugi fiffikensa na hagu. Kumbon yana sama injiniyoyi suka gabatar wa shugabannin hukumar NASA bayani a shafukan majigi. Kan ɗaya daga cikin shafukan ya yi kama da kwantar da hankali, alhali maganar da ta fi kowace muhimmanci, cewa ɓallin ya ninka wanda aka taɓa gwaji da shi fiye da sau 600, tana can ƙasa cikin ƙananan haruffa. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse wajen dawowa, mutum bakwai suka mutu. Ba shafin majigi ne ya kashe su ba, dalilan suna da yawa, amma kwamitin da ya yi bincike ya kawo shafin a rahotonsa, ya ce abu ne mai sauƙi shugaba ya karanta shi bai gane ana maganar rai da mutuwa ba. Rahotonka na kasafin kuɗi ba kumbo ba ne, amma in labari marar daɗi na ciki, ka sa shi a sama inda za a gani.

Girman rubutu kuma, Guy Kawasaki, tsohon ma'aikacin Apple, yana da wata ƙa'ida da ta shahara: shafi 10, minti 20, haruffa kada su gaza lamba 30. Ba wahayi ba ce, amma ta ƙarshen tana da amfani, domin in ka sa manyan haruffa dole ka rage surutu. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka buɗe shafin a kwamfutarka, ka ja da baya zuwa ƙofar ɗaki. Abin da ba ka iya karantawa daga nan, na bayan zaure ma ba zai iya ba. Ka kuma tuna yawancin zaurukanmu tagogi ne a buɗe, ba labule, rana na shigowa. Rubutu ruwan ɗorawa a kan fari, ko ja a kan shuɗi, ɓacewa yake yi. Baƙi a kan fari bai taɓa kunyata kowa ba.

Akwai matsalar da ta keɓanta da masu gabatarwa da Hausa. Ka shirya shafukanka tsaf a kwamfutarka, a buɗe a ta masu taro, sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma 'yan akwatuna ko sun sauya kama, saboda nau'in rubutun da ka zaɓa babu shi a can. Ka tsaya kan nau'o'in da kowace kwamfuta ke da su, irin su Arial, kuma ka ajiye kwafi na PDF, wanda ke riƙe haruffansa duk inda aka kai shi.

Ba kuma kowane bayani ne yake son majigi ba. A kamfanin Amazon, tun 2004 Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin, ya hana amfani da shi a tarukan manyan ma'aikata, ya ce a riƙa rubuto bayani a takarda, a zauna a karanta shiru kafin a fara tattaunawa. In abin da ka kawo jadawali ne mai layi ashirin, buga shi ka raba, kada ka haska. In kuma kana son idanu su dawo kanka a tsakiyar jawabi, danna harafin B a PowerPoint, allon zai yi baƙi, ka sake dannawa ya dawo.

Lambobi

Kunne ba ya riƙe naira miliyan arba'in da bakwai da dubu ɗari takwas da sittin da uku da ɗari biyu. Ka ce kusan miliyan arba'in da takwas, cikakkiyar lambar tana takarda ga mai so. Kashi 24 cikin 100, ka ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Kuma lamba ita kaɗai ba ta magana sai an jingina ta da wata: ta fi ta bara ko ta gaza? Ta isa ko ba ta isa ba? In taron ya haɗa mutanen Najeriya da na Nijar, ka fayyace kuɗin da kake nufi, domin a Maraɗi ko Damagaram da dala ake lissafi, kuma dala ɗaya sefa biyar ce, wanda ya zo daga Kano zai iya zaton ta Amurka ake nufi.

Murya da tsayuwa

Tsoro yana sa sauri, sauri kuma yana haɗiye ƙarshen kalmomi. Duk wanda ya saurari faifan jawabin Abubakar Tafawa Ɓalewa na ranar 1 ga Oktoba 1960 a Legas zai lura da yadda yake ajiye kalma ɗaya kafin ya ɗauki wata, yana barin tazara tsakanin jimloli. An yi masa laƙabi da mai muryar zinare, amma ba murya kaɗai ba ce, tsohon malamin makaranta ne da ya saba jira aji ya gane. Ya kuma zo a hadisin Anas cewa Annabi (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimce ta. Babbar maganarka ta cancanci haka: ka faɗe ta a farko, ka dawo da ita a tsakiya, ka rufe da ita.

Shiru na daƙiƙa biyu a wurin mai magana kamar shekara ne, a wurin mai sauraro kuwa hutu ne. Rashin jure shirun nan ne ke haifar da "wato", "ka gane", "shi ne dai", "to", a kowace gaɓa. Ba ka jin su a bakinka sai ka naɗi kanka a waya ka saurara. Sauraron ba daɗi, amma ba malamin da ya kai shi.

Makirufo kuma, a daina hura shi ana bubbugawa ana "ana ji na?" Wannan aikin kafin taro ne. Riƙe shi kusa da haɓa, tazarar kamar yatsu huɗu, kuma in ka juya kai ka juya da shi. Da yawa sukan waiga wajen allo su bar makirufo a gefe, rabin jimla ya tafi iska.

Sai ido. Tarbiyyarmu ta koya mana sunkuyar da kai gaban manya, musamman mata da ƙananan ma'aikata, kuma wannan kunyar tana bin mutum har kan mumbari, ya ƙare yana yi wa takardarsa jawabi. Wasu kuma babban tebur kaɗai suke kallo, kamar sauran jama'a rakiya suka zo. Ba a ce ka tsura wa dattijo ido ba. Ka raba zauren uku, dama da tsakiya da hagu, kowane ɓangare ka ba shi jimla guda cikakkiya kafin ka matsa, kada ka manta da ɓangaren mata in an raba wurin zama.

Wani abu da masu horarwa ke yawan faɗa, wai kalmomi kashi 7 cikin 100 ne kawai na saƙo, murya 38, motsin jiki 55, kada ka ɗauke shi. Lambobin sun fito ne daga gwaje-gwajen masanin halayyar ɗan Adam Albert Mehrabian na 1967, waɗanda suka shafi yadda ake gane so ko ƙi daga kalma guda, kuma shi kansa ya ce ba su shafi sauran magana ba. Da gaskiya ne, da sai mu je lacca da Sinanci mu fahimci kusan komai. Kyakkyawar tsayuwa ba ta ceton jawabin da ba komai a cikinsa.

Harshen da za a yi magana da shi ma a yanke shi tun a gida. Shafuka da Turanci ko Faransanci, mai magana yana fassarawa nan take yana tuntuɓe, jimla ta fara da Hausa ta ƙare da wani harshe, wannan yana gajiyar da kowa. In manoma ko iyaye mata ko masu unguwanni za ka yi wa bayani, ka zauna ka nemo yadda su suke kiran abin. Likitan da ya ce hawan jini ko ciwon suga an gane shi, wanda ya kawo sunan da ke littafi ya burge abokan aikinsa ne kawai.

Wuta, waya da agogo

Za a ɗauke wuta. Ka shirya kamar tabbas ne. Janareta zai ɗauki minti biyar kafin ya tashi, majigin ya ɗauki wasu kafin ya dawo, kuma mai magana da ya tsaya yana kallon silin a wannan tsakanin ya nuna cewa majigin ne ke jawabi, ba shi ba. Ka riƙe 'yar takarda mai manyan gaɓoɓinka, ka ci gaba. Ka isa da wuri ka gwada: sabbin kwamfutoci kafar jona waya irin ta HDMI suke da ita, tsofaffin majigai da yawa kuwa ta VGA ce, mahaɗin da ke tsakaninsu ba shi da tsada, ka mallaki naka. Kwafi a filash, kwafi a waya, kwafi a imel. Bidiyo kuma ka sauke shi tun a gida, kada ka dogara da intanet ɗin zaure. In an sa ka dab da azahar ko la'asar, ka san da an kira salla taro ya watse ko ka gama ko ba ka gama ba, don haka ka gabatar da muhimmin abu.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da gwaji, kuma bin shafuka da ido a kan gado ba gwaji ba ne. Tashi tsaye, buɗe baki, kunna agogo. In an ba ka minti goma sha biyar, gwajinka ya tsaya a sha biyu ko sha uku, domin ranar taro kullum sai ya fi tsawo. Fargaba ba ta tafiya gaba ɗaya, har waɗanda suka daɗe suna yi suna jin ta. Abin da ke rage ta shi ne ka haddace jimlolinka uku na farko, bakinka ya kama hanya kafin zuciya ta gama bugawa.

Rufewa da tambayoyi

"To, iyakar abin da zan ce ke nan," sannan shafi mai ɗauke da "Na gode" da hoton fure. Haka mafi yawa suke ƙarewa, kuma shafin nan shi zai tsaya a allo tsawon lokacin tambayoyi yana aikin banza. Ka bar babbar maganarka a wurin, ko abin da kake nema a yi: a amince da kuɗin, a sauya ranar, a kafa kwamitin. Godiya da baki ake yi.

In an yi tambaya, maimaita ta a makirufo kafin ka amsa. Na baya ba su ji ta ba, kai ma ka samu daƙiƙu na tunani. In ba ka san amsa ba ka ce ba ka sani ba, za ka bincika ka dawo wa mai tambayar. Kame-kame ya fi rashin sani zubar da mutunci, musamman gaban malaman da suka san amsar tun kafin su tambaya. Ɗalibi a difens kada ya ɗauki gyara a matsayin faɗa: in gyaran daidai ne ya ce "Na gode, Malam, zan gyara," ya rubuta a gabansu, in kuma yana da hujja ya nuna shafin da take, cikin ladabi, ba tare da ɗaga murya ba.

Kowane taro kuma yana da mutumin da zai karɓi makirufo ya ce shi ba tambaya gare shi ba, ɗan tsokaci ne, ya yi nasa jawabin. Ba aikinka ba ne ka katse shi, na shugaban zama ne. In ya gama ka tsamo abu ɗaya daga maganarsa ka amsa a taƙaice, ka gode masa, a wuce. Shafukan da ka cire tun farko ka tura ƙarshe, yanzu ne ranarsu: rubuta lambobinsu a 'yar takardarka, in tambaya ta taɓo ɗaya ka buga lambar shafin ka danna Enter, PowerPoint za ta kai ka can kai tsaye ba sai ka bi ta kan sauran a gaban jama'a ba.